Kafaɗa mai ciwo da shurin bindiga: wane harsashi ya dace da maharbi?

Wane irin harsashi ya kamata maharbin da ya ji ciwo a kafaɗa ya koma kansa, idan ba ya son ya rataye bindigarsa gaba ɗaya? Tambaya ce da ke yawan tasowa tsakanin mafarauta da masu wasan harbi, musamman waɗanda shekaru suka fara ja, da waɗanda aka yi wa tiyata, da waɗanda suka taɓa faɗuwa kafaɗa ta goce. Amsar da aka fi bayarwa gajeriya ce: a ambaci lamba ɗaya, a ce mutum ya nemi .243 ko 6.5, magana ta ƙare. Wannan amsa tana da gaskiya a cikinta, amma ta tsallake mafi yawan abin da ke jawo ciwon, domin lambar da ke jikin kwalin harsashi ba ita kaɗai ke yanke irin dukan da kafaɗa za ta sha ba. Nauyin bindigar yana da nasa rabon, haka ma yadda ƙirarta ta zauna a jikin mai ita, da irin tsayuwa ko kwanciyar da yake yi lokacin harbi. Sama da duk waɗannan akwai irin raunin kansa, wanda shi ya kamata a fara tambaya, amma sau da yawa shi ake mantawa da shi.

## Mene ne shuri, kuma mene ne kaliba?

Shuri shi ne komawar da bindiga ke yi baya da ƙarfi a daidai lokacin da harsashi ya fita. Idan aka danna kunama, albarushin da ke cikin kwanso yana ƙonewa ya zama iska mai zafi da matsi, iskar ta tura harsashi gaba, kuma da wannan ƙarfin dai take tura bindigar baya. Wannan ita ce ƙa'idar motsi ta uku da Isaac Newton ya bayyana, cewa duk turi yana da turin da ke amsa masa daidai gwargwado ta ɗaya ɓangaren. Harsashi ƙarami ne, shi ya sa yake tafiya da gudun ɗaruruwan mitoci a daƙiƙa guda. Bindiga kuma ta fi shi nauyi sau ɗaruruwa, don haka takan dawo da gudun mita biyu zuwa biyar a daƙiƙa, kuma kafaɗa ce ke tsayar da ita.

Kaliba a asalin ma'anarta faɗin ramin bututun bindiga ne, ko faɗin harsashin da ke bi ta cikinsa, ana auna shi da inci ko da milimita. Amma a bakin maharba kalmar ta koma sunan harsashin baki ɗaya, wato ƙwayar da kwanson da albarushin da ke ciki, kuma daga nan ruɗani ya samo asali. Harsasai huɗu sanannu, .30-30 Winchester na 1895, da .30-06 Springfield na 1906, da .308 Winchester na 1952, da .300 Winchester Magnum na 1963, duk faɗin ƙwayarsu ɗaya ne, kusan milimita 7.8. Duk da haka na ƙarshen yana shuri fiye da ninki biyu na na farkon, saboda kwansonsa yana ɗaukar albarushi fiye da ninki biyu. A ɗaya hannun kuma, .350 Legend da kamfanin Winchester ya fitar a 2019 yana da ƙwaya mai faɗin kusan milimita 9, amma shurinsa bai wuce na .243 ba, duk da cewa ƙwayar .243 ba ta wuce milimita 6.2 ba. Wanda ya dubi faɗi kawai zai yi zaɓin da bai dace ba.

## Yadda lissafin yake

Abubuwa huɗu ne ke shiga lissafin shuri: nauyin ƙwayar harsashi, da gudunta lokacin fita, da yawan albarushin da ya ƙone, da nauyin bindigar. Mutane da yawa ba sa sa albarushi a lissafi, alhali iskar da ya zama tana fita daga bakin bindiga da gudun da ya zarce na ƙwayar, kuma a harsasai masu babban kwanso da siririyar ƙwaya takan ɗauki kashi ɗaya bisa uku na turin, wani lokaci ma fiye. Wannan batu zai sake dawowa idan aka zo kan na'urorin da ake ɗaurawa a bakin bindiga, domin iskar nan ce suke aiki a kanta.

Idan aka ɗauki bindiga mai nauyin kilo 3.6, haɗe da madubin hange, aka auna ƙarfin shuri da ma'aunin jul, ga kimanin abin da lissafi ke bayarwa da harsasan kasuwa na yau da kullum. Ƙaramin .22 Long Rifle bai kai rabin jul ba, wato kusan babu abin da za a ji. Shi kuma .223 Remington mai ƙwayar giram 3.6 yana ba da jul 4 zuwa 5. Daga nan sai 6.5 Grendel da ke kusa da jul 11, da .243 Winchester mai ƙwayar giram 6.5 da ke tsakanin jul 12 da 13. Harsasan 6.5 Creedmoor da 7mm-08 Remington, masu ƙwayar giram 9, suna tsakanin jul 16 da 19. Na .308 mai ƙwayar giram 9.7 ya ɗan haura jul 20, .30-06 mai ƙwayar giram 11.7 yana tsakanin jul 27 da 30, .300 Winchester Magnum kuwa ya wuce jul 35. Waɗannan alƙaluma sukan ɗan motsa gwargwadon kamfanin da ya ɗura harsashin da tsawon bututu, amma jerin girmansu ba ya sauyawa.

Marubutan harkar bindiga sun daɗe suna cewa yawancin maharba suna jure shurin da bai wuce kusan jul 20 ba cikin natsuwa, kuma daga jul 27 zuwa sama saitin mutane da yawa yakan fara lalacewa. Sai dai wannan ma'auni na masu lafiyar kafaɗa ne. Mai rauni bai kamata ya ɗauke shi a matsayin iyakarsa ba, domin jijiyar da aka ɗinke wata huɗu da suka wuce ba za ta ɗauki abin da lafiyayya ke ɗauka ba. A ganina, wanda kafaɗarsa ke ciwo ya fara tunaninsa daga jul 13 zuwa ƙasa, sannan ya hau sama ne kawai idan aikin da zai yi ya tilasta masa, kuma jikinsa ya nuna ya yarda.

## Nauyin bindiga, takobi mai kaifi biyu

A nan ne maganar ta fi buƙatar natsuwa. Ƙarfin shuri yana raguwa daidai gwargwadon ƙaruwar nauyin bindiga, ta yadda idan aka ninka nauyin, shurin zai ragu da rabi. Harsashin .308 ɗin da ke ba da kusan jul 29 a bindiga mai kilo 2.7, shi ne dai ke ba da kusan jul 17 a bindiga mai kilo 4.5. Shi kuma .243, wanda ake yi wa kallon mai sauƙi, idan aka sa shi a waccan bindigar mara nauyi mai kilo 2.7, shi ma jul 17 zai bayar. Harsasai biyu ke nan da kowa ya san ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, amma kafaɗa ta karɓi awo ɗaya daga gare su.

Kuma ko a hakan ba a jinsu iri ɗaya. Bindigar .243 mara nauyi tana dawowa da gudun kusan mita 3.6 a daƙiƙa, mai nauyin ta .308 kuma da kusan mita 2.8. Ta farkon tana zuwa ne kamar naushi, ta biyun kamar turi, kuma gaɓar da ta kumbura ko jijiyar da ta yage ta fi jin jiki a wajen naushi. Wannan ne dalilin da ya sa mutum zai sayi ƙaramar bindiga mara nauyi da sunan tausaya wa kafaɗarsa, ya dawo daga filin harbi da ciwon da ya fi na da, ya rasa inda kuskuren yake.

To amma nauyi ma yana da nasa sharrin. Bindiga mai kilo 4.5 sai an ɗauke ta, an rataya ta, an ɗaga ta zuwa ido, an riƙe ta a miƙe har a gama saiti, kuma duk wannan aikin kafaɗu ne. Akwai masu raunin da shuri bai dame su sosai ba, amma ɗaga hannu da kaya zuwa tsayin ƙirji shi ne azabarsu. Irin wannan mutum idan aka ba shi shawarar ya ƙara nauyi kawai, an magance masa ƙaramar matsala ne an ƙara masa babba. Mafitar da na fi gamsuwa da ita ita ce a raba ayyukan biyu: a bar bindiga da matsakaicin nauyi ko ma mai ɗan yawa domin ta shanye shuri, sannan a ɗauke wa hannu aikin riƙo ta hanyar ɗora ta a kan sanduna masu ƙafa biyu ko uku, ko a kan jaka, ko a kan ƙafafun da ake ɗaurawa a ƙasan bindigar. Wajen tafiya kuma a rataya ta a kafaɗa mai lafiya, ko a ɗaure ta a jakar baya wadda ɗamararta ke sauke nauyi a ƙugu.

## Wane irin rauni ne, kuma a wace kafaɗa?

Kafaɗa ba gaɓa ɗaya ba ce tilo. Akwai mahaɗar da kan ƙashin damtse ke juyawa a cikin ɗan ramin allon kafaɗa, kuma tsokoki huɗu da jijiyoyinsu ne suka kewaye ta suna riƙe ta. Akwai wata ƙaramar mahaɗa a sama, inda ƙashin wuya, wato wanda ya gitta saman ƙirji zuwa kafaɗa, ya haɗu da tsinin allon kafaɗa. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya samun matsala, kuma kowace matsala tana da abin da ke tayar da ita.

Wanda jijiyoyin da ke riƙe gaɓar suka yage ko suka kumbura yakan fi shan wuya wajen ɗaga gwiwar hannu sama da juya hannu, don haka tsohuwar tsayuwar harbi da ake ɗaga gwiwar hannun kunama har ta yi daidai da kafaɗa ba ta dace da shi ba. Gara ya sauke gwiwar kusa da haƙarƙari. Wanda ƙaramar mahaɗar sama ta rabu, ko ƙashin wuyansa ya karye aka sa masa ƙarfe, matsalarsa ita ce inda gindin bindiga ke zama, domin duka kai tsaye a kan ƙashin da fata kawai ta rufe yana da zafi ko da harsashin ƙarami ne. Mai amosanin gaɓɓai kuma yawan harbi ne ke tara masa ciwo, ta yadda harbi uku ba za su dame shi ba, amma talatin za su hana shi barci. Wanda aka yi wa dashen gaɓa, ko kafaɗarsa ta saba gocewa, shi ba ma'aunin jin zafi ne zai yi masa jagora ba, domin ɓarna tana iya faruwa kafin zafi ya bayyana.

Sannan dole a san wace kafaɗa ce. Idan wadda gindin bindiga ke zama a kanta ce, shuri ne babban abin dubawa. Idan ta hannun da ke tallafe gaban bindigar ce, to shuri ba shi ne matsalar ba, nauyi da tsawon bututu ne, kuma gajeriyar bindiga da abin ɗorawa sun fi sauya harsashi amfani. Haka nan a bindiga mai sakata, hannun kunama ne ke ɗaga sakatar ya ja ta baya ya mayar, kuma wannan motsi kaɗai yana iya yi wa mai ciwon jijiya zafi fiye da harbin kansa.

Game da tiyata kuwa, jijiyar da aka ɗinke a jikin ƙashi tana ɗaukar kusan wata uku kafin ta kama sosai, kuma dawowar cikakken ƙarfi yakan ɗauki wata shida ko fiye. Likitan ƙashi da mai kula da motsa gaɓɓai su ne za su ce lokaci ya yi. Abin da ke taimakawa shi ne maharbi ya yi musu bayani dalla-dalla, domin ba kowane likita ne ya san bambancin .22 da .30-06 ba: ya faɗi nauyin abin da zai ɗaga, da inda zai zauna a jikinsa, da kimanin ƙarfin dukan, da yawan harbin da yake son yi. Abin da nake jan kunne a kansa shi ne shan maganin kashe zafi domin a samu damar yin harbi. Zafi shi ne ke sanar da mutum cewa ya wuce iyaka, kuma magunguna masu ƙarfi suna rage kaifin hankali, abin da bai kamata ya haɗu da riƙon bindiga ba.

## Zaɓi gwargwadon aikin da za a yi

Ga wanda harbin allo da gasa kawai ke gabansa, maganar mai sauƙi ce. Harsashin .22 Long Rifle, wanda ake amfani da shi tun 1887, ya ishe shi daga mita 50 zuwa 100, kuma da shi ake gasar harbin mita 50 a wasannin Olamfik. Idan yana son nisa fiye da haka, .223 Remington zai kai shi mita 300 cikin sauƙi, kuma da ƙwaya mai ɗan nauyi da bututun da murɗin layukan cikinsa, masu juya ƙwaya, ya dace zai wuce nan da nisa. Babu dalilin da zai sa mai ciwon kafaɗa ya huda takarda da harsashin da ke shurin jul 25.

Mafarauci ne ke da aiki, domin shi akwai haƙƙin dabba a kansa. Harsashin da ya yi rauni da yawa yana jikkata dabba ta gudu ta mutu a wahale, kuma ciwon kafaɗar maharbi ba ya zama uzurin hakan. Shi ya sa ƙasashe da yawa suka sa iyaka a doka. A Ingila, dokar farautar barewa ta 1991 ta hana amfani da kaliba da ta gaza inci .240 ko ƙarfin ƙwaya lokacin fita da ya gaza kusan jul 2,300 ga manyan nau'o'in barewa, abin da ya sa .243 ya zama mafi ƙarancin sanannen harsashin da ya cika sharaɗi a can. A Jamus kuma, ga manyan dabbobi masu kofato, doka ta nemi faɗin milimita 6.5 aƙalla da ƙarfin jul 2,000 a nisan mita 100, don haka .243 ba ya shiga. A Amurka kowace jiha tana da nata tsarin, kuma wasu jihohi da suka taƙaita farautar barewa ga harsasai masu miƙaƙƙen kwanso su ne suka sa aka ƙirƙiro .350 Legend. Saboda haka kafin a dubi teburin shuri, a fara duba dokar wurin da za a yi farautar.

Inda doka ta yarda, .243 Winchester ne ya fi cancantar a fara dubawa ga dabbobi masu matsakaicin girma. An fitar da shi a 1955 ta hanyar matse wuyan kwanson .308, kuma tun daga lokacin ya zama abin da ake fara ba matasa da masu ƙaramin jiki. Yana tafiya a miƙe, ana samunsa kusan ko'ina, kuma shurinsa kusan rabin na .30-06 ne ko ƙasa da haka. Aibinsa shi ne ƙararsa tana da kaifi, yana cin bututu da wuri idan ana yawan harbi, kuma ƙwayarsa mara nauyi ba ta yafe kuskuren saiti a kan babbar dabba. Harsashin 6.5 Grendel ya fi shi laushi a kafaɗa saboda albarushinsa kaɗan ne, sai dai nisan da yake aiki da kyau bai kai ba, kuma ba a kowace kasuwa ake samunsa ba.

Mataki na gaba shi ne 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007 domin gasar harbin nesa, da 7mm-08 Remington na 1980, da tsohon 6.5×55 da Suwidin da Norway suka ɗauka wa sojojinsu a 1894. Wannan na ƙarshe hujja ce mai ƙarfi ga masu cewa ba sai da babban shuri ake kayar da babbar dabba ba, domin mafarautan arewacin Turai sun shafe fiye da shekara ɗari suna farautar mus da shi, wata irin babbar barewa da ke kai ɗaruruwan kilo. Sirrin yana cikin doguwar ƙwaya siririya da ke ratsa jiki sosai ba tare da buƙatar gudu mai yawa ba. Amma ina ganin an cika yabon 6.5 Creedmoor a matsayin harsashi mara shuri. Ya fi .308 sauƙi da kusan kashi ɗaya bisa biyar, wanda ragi ne na gaske, amma ya fi .243 duka a fili, kuma wanda aka yi wa tiyata zai ji wannan bambanci.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar sayen sabuwar bindiga. Kamfanonin Remington da Hornady sun yi harsasai masu rangwamen ƙarfi, masu ƙwaya mara nauyi da ƙarancin gudu, domin kaliba irin su .308 da .30-06 da .270, kuma suna sauko da shurin zuwa kusa da na .243. Wanda ya saba da bindigarsa shekara da shekaru zai iya ci gaba da ita ta haka, muddin ya sake saita madubinsa, ya kuma san cewa nisan harbinsa ya ragu zuwa ƙasa da mita 200. Ko a harsasan yau da kullum, sauka daga ƙwaya mai nauyi zuwa mara nauyi mai ƙarfin gini, kamar wadda aka yi da tagulla zalla, yana rage shuri ba tare da an rasa ratsawa sosai ba. Abin da bai halatta ba shi ne mai ɗura harsashi da kansa ya rage albarushi da ka, ba tare da bin awon da masu yin albarushin suka wallafa ba, domin ƙarancin wasu nau'o'in albarushi a babban kwanso yana da haɗari kamar yawansa.

## Abubuwan da ake ƙara wa bindiga

Mafi sauƙi kuma mafi saurin amfani shi ne robar gindi mai laushi da kauri, irin waɗanda Pachmayr da LimbSaver ke yi. Ba ta rage ƙarfin shurin a lissafi, amma tana shimfiɗa shi a kan lokaci mai ɗan tsawo da fili mai ɗan faɗi, kuma wannan shi ne ke mayar da naushi turi. Akwai kuma matashin da ake ɗaurawa a kafaɗa a ƙarƙashin riga ko a samanta. Sai dai duk kaurin da aka ƙara yana tsawaita nisan da ke tsakanin kafaɗa da kunama, kuma idan nisan ya yi yawa gindin bindiga yakan zame daga tsokar ƙirji ya koma kan gaɓar kanta, wurin da ake gudu. Mai ciwon kafaɗa yakan fi jin daɗin gindin da aka ɗan gajarta, wanda zai ba shi damar kawo bindigar ciki, kusa da tsakiyar ƙirji, ya fuskanci abin harbi da jikinsa duka. Gindin da ya miƙe daidai da layin bututu shi ma ya fi wanda ya lanƙwasa ƙasa sosai, domin na biyun yana sa bakin bindiga ya yi tsalle sama ya bugi kunci.

Birkin baki wani ɗan ƙarfe ne mai ramuka da ake ɗaurawa a bakin bututu, yana karkatar da iskar albarushi gefe ko ɗan baya maimakon ta fita gaba. A duk cikin na'urorin shi ya fi rage shuri, musamman a harsasai masu albarushi da yawa. Farashinsa kuwa kunne ne ke biya. Ƙarar irin waɗannan bindigogi ko ba birki ta wuce desibel 140 a ma'aunin ƙara, matakin da harbi ɗaya ke iya yi wa ji illa ta dindindin, birki kuma yana dawo da ƙarar wajen maharbi da duk wanda ke tsaye kusa da shi. Duk mai amfani da shi sai ya toshe kunne da kyau a kowane harbi, har a daji. Salansa, wato na'urar rage ƙara da ake ɗaurawa a bakin bututu, ta fi shi daidaito a wurina, domin tana tare iskar ta sake ta a hankali, ta rage ƙara da shuri tare, ta kuma ƙara ɗan nauyi. Amma nauyin nata a can ƙarshen bututu yake, inda ya fi gajiyar da hannun tallafi, kuma dokarta ta bambanta ƙwarai: a Birtaniya da ƙasashen arewacin Turai mafarauta suna amfani da ita a matsayin abin yau da kullum, a Amurka tana ƙarƙashin dokar tarayya ta 1934 da ke buƙatar rajista, a wasu ƙasashe kuma haramun ce.

Bindiga mai ɗura wa kanta harsashi ta hanyar amfani da iskar albarushi ita ma tana da laushi, saboda motsin ƙarafunan ciki da sifirin yana raba dukan kashi-kashi, kuma tana hutar da hannu daga jan sakata. Inda doka ta yarda a yi farauta da ita, zaɓi ne mai kyau ga mai ciwon jijiya.

## Tsayuwa, atisaye da zabura

Harsashi ɗaya a bindiga ɗaya yana iya zama mai sauƙi ko mai zafi gwargwadon yadda jiki yake. A tsaye, jiki duka yana ɗan komawa baya tare da bindigar, don haka dukan yana bajewa. A kwance rub da ciki kuwa jiki ba shi da inda zai je, kuma gindin bindiga yakan hau kan ƙashin wuya. Zama a teburin saiti tare da sunkuyawa gaba shi ma haka yake. Abin takaici shi ne a teburin ne ake yin harbi mafi yawa, wajen saita madubi, don haka a nan mai rauni ya fi cutuwa. Gara a ɗaga jakunkunan ɗorawa sama yadda zai zauna a miƙe, ko ya yi harbin a tsaye a kan sanduna masu ƙafa uku.

Akwai wani kuskure da tsoron zafi ke jawowa, wato sassauta riƙo da barin ɗan fili tsakanin gindin bindiga da kafaɗa. Wannan fili yana ba bindigar damar ɗaukar gudu kafin ta iso, sai ta bugi jiki maimakon ta tura shi, kuma madubin hange yana iya samun gira. Dole gindin ya manne da jiki sosai, ba tare da an ƙanƙame tsokoki ba.

Illar da ta fi daɗewa ita ce zabura. Jikin da ya koyi cewa danna kunama yana zuwa da zafi yakan fara runtse ido da tura kafaɗa gaba tun kafin harsashi ya tashi, kuma wannan ɗabi'a tana iya zama bayan ciwon ya warke. Maganinta shi ne a yi mafi yawan atisaye da .22 a bindigar da ƙirarta ta yi kama da ta farauta, a haɗa da danna kunama ba harsashi bayan an tabbatar bindigar babu komai a cikinta, sannan a taƙaita babban harsashi ga harbi kaɗan na tabbatar da saiti. Mafarauci a daji ba ya wuce harbi ɗaya ko biyu a fita guda, kuma kafaɗar da ba za ta ɗauki arba'in ba tana iya ɗaukar waɗannan.

Idan duk wannan bai wadatar ba, saura komawa ɗaya kafaɗar. Abu ne mai yiwuwa, kuma da madubin hange ya fi sauƙi, domin ana iya rufe idon da ya saba jagora ko a manna ɗan abin da zai dusashe shi a gilashin kariya. Yana buƙatar watanni na atisaye da ƙaramin harsashi kafin yatsa da ido su saba, kuma wanda ya yanke shawarar zama a wannan ɓangaren zai fi samun sauƙi da bindigar da aka ƙera sakatarta domin hannun da ya koma.